Gaisuwar da Rariya Ta Tare

Mutumin da ya ce zai tarbe ni a filin jirgi bai zo ba. Na tsaya gefen wata bishiyar roba da akwatina da ƙullin kilishi har ƙafafuna sunka sage. Ɗanjuma ake ce masa, ɗan ƙasarmu ne, shi ya haɗa mini takardun zuwa ƙasar Foland, ya kuma rantse mini ta waya cewa ga aikin kwamfuta nan yana jirana, ga ɗaki mai ɗumi. Na yi ta kiran lambarsa har wayata ta mutu. Har yau ko ƙeyarsa ban gani ba. Da farko kullum sai na yi masa Allah ya isa bayan sallah, daga baya na bari, don na gane ni ma ba ni da bakin da zan kai ƙarar wani.

Gona ce ta fitar da ni daga gida, gara in faɗa tun yanzu. Gonar Baba tana can wajen Shinaka, a ƙarshen magudanar da ke kawo ruwa daga dam ɗin Goronyo. In an saki ruwa, masu gonakin gaba su sha su ƙoshi, ciyawar kachala ta shanye saura, mu sai laka ta iso mu. Rani uku a jere albasarmu na ƙonewa tun ba ta yi kai ba. Ruwa na nan ƙarƙashin ƙasa, ba shi da zurfi, amma ɗago shi sai da inji, man da injin zai sha kuwa ya fi ƙarfinmu. Wani ɗan kasuwa daga Wurno ya daɗe yana zagayen gonar, yana so ya haɗa ta da tasa. Baba ya ce zai ƙara rani biyu, in ba ruwa ya sallama. Ni kuwa da rawar kaina, ina ganin na yi karatun kwamfuta a Sakkwato, na buɗe baki a zaure gaban dattawa na ce kafin rani na biyu ya fita zan kawo injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Yaya Umaru, wanda nake bi, shi ne sakataren ƙungiyar manoman ƙarshen magudana. Ya harare ni don in yi shiru, ban yi ba.

Rani na farko ya wuce ina tsaye a wata masana'antar yanka kaji da ke bayan gari. Wasu 'yan ci-rani da na haɗu da su a tashar jirgin ƙasa sunka kai ni. Mu takwas muke kwana a ɗaki ɗaya, kowa da yarensa, kowa da warin safarsa. Aikina cire hanji, a ɗakin da ya fi firji sanyi, har yatsuna sunka kumbura na kasa maɓalla riga. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, in fito ban san ko na yi la'asar a kan lokaci ba. Mai kula da mu ba ya kiran sunan kowa, hannu yake ɗagawa ya nuna ka. In Inna ta kira sai in fita waje in gyara murya, in ce mata ina ofis, ana ta aiki. Wata rana a kanti na ɗauki albasa na shinshina, fara fat, ba ƙamshi ba yaji, sai kawai na ji hawaye na zuba. Mai kantin ta zaci sata zan yi, ta tsaya kaina har na ajiye.

Wanda ya fara duba ni da idon mutum wani dattijo ne Baturke, mai gidan burodi kusa da ɗan masallacin da muke Juma'a. Ya ga ina sallah cikin 'yar riga ina karkarwa. Juma'a mai zuwa ya miƙo mini wata katuwar rigar sanyi mai warin garin fulawa da yis ɗin burodi, ya wuce. Bayan nan duk ranar da na biyo sai ya cusa mini burodin jiya a leda. Rannan na tarar da shi yana zagin kwamfutarsa da yarensu. Saƙonnin banza sun cika masa akwatin imel, masu tallan magani da masu alkawarin dukiya, har ya kasa gano odar masu sayen burodi. Na zauna na gyara masa kafin shayin da ya zuba mini ya huce. Ashe akwai wata mai sayen burodi a wurinsa da wannan ce sana'arta. Ya ba ta labarina har ya ƙara gishiri.

Madam Irena ke nan. Ta kai shekara sittin, gajera, mai furfura, ba ta dariya kuma ba ta ƙarya. Tana da ɗan kamfani mai kula da akwatunan imel na ƙananan ofisoshi da shaguna. Ta ba ni aikin gwaji, ta ce in shekara ta zagayo tana gamsuwa da ni za ta sa hannu a takardar da za ta ba ni izinin zama. In ba ta sa ba, sai jirgi. Abin da take biyana haya da abinci ke cinyewa, maganar sayen inji da aljihuna ba ta ma taso ba.

Rabin aikin kamfanin a kan wata manhaja yake, mai tace saƙonni. Ni rariya nake ce mata. Ba ta da mai ita, kowa na iya buɗe cikinta ya gani, kuma mutane ne daga ƙasashe daban-daban ke gina ta don Allah, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba. Madam Irena na cikin manyansu. Cikin rariyar dokoki ne jibge. Kowace doka na neman wata alama a jikin saƙo, in ta gani ta ɗora masa maki. In makin ya yi yawa, saƙon ba zai ko kai akwatin mai shi ba, sai a tsare shi a wani ɗaki da mu ma'aikata kaɗai ke iya leƙawa.

Ni anka sa tsaron ƙofa. Duk sabuwar doka a filin gwaji take fara zama, da alamar kar-a-saki a wuyanta. Kullum ana gwada ta a kan rumbu biyu, ɗaya na saƙonnin banza, ɗaya na saƙonnin kirki da masu aikin ke bayarwa daga akwatunansu. In ta yi mako tana kama na banza ba ta taɓa na kirki ba, wanda ya rubuta ta na iya cire alamar, sai ta fita duniya ta shiga kowace kwamfuta mai amfani da rariyar. In ta fita kuwa, hanya biyu kawai ake janye ta. Ko gwaji ya nuna tana cutar rumbun kirki, ko mai ita ya tsaya gaban jama'ar aikin ya ce shaidar da ya bayar a kanta ba gaskiya ba ce. Ko Madam Irena ba ta isa ta sa hannu ta ciro doka don ta ga dama ba. Ta sa na haddace wannan tsari, tana tambayata ina amsawa. Na so aikin ƙwarai, in faɗi gaskiya. Karo na farko ke nan a ƙasar da anka ba ni mabuɗin wani abu.

Abin da ya ɓata mini zama shi ne Tomas, abokin aikina da teburinsa ke fuskantar nawa. Ba mugu ba ne, sakarci ne ke damunsa. Tun ranar da ya ji daga ina na fito ya sa mini suna Yarima, saboda wasiƙun 'yan damfara masu cewa su 'ya'yan sarki ne, suna neman wanda zai taya su ɓoye dukiya. Kowace safiya sai ya tambaye ni yau wace dukiya na kawo masa daga fadar mahaifina. Sauran su yi dariya, ni ma in washe baki. In irin wasiƙun nan sunka tsallake rariya, sai ya juyo da allonsa ya ce ga 'yan uwana nan sun zo gaishe ni. Wata uku ina haɗiye wannan.

Sai na ce bari in nuna musu ni ba na cikinsu. Na zauna na karanta wasiƙun damfarar nan ɗaya bayan ɗaya, na ga abin da duk Turawan ofis ba su gani ba. Su suna farautar kalmomin banki da gado da zinari, ɓarayin kuwa sun daɗe da koyon kauce musu. Abin da ba su iya bari ba shi ne gaisuwa. Su fara da sunan Allah, su gaida mai karɓa da muƙamansa a jere, su tambayi iyali, su tambayi aiki, su tambayi gajiya, su yi addu'a, su ba da haƙuri a kan damun da sunka yi, sannan a can ƙasa su zo ga abin da ya kawo su, su rufe da bawanka mai biyayya. Na san tsarin nan tun ina aji ɗaya na sakandare a Wurno. Malam Yohana, malaminmu na Turanci, Kirista ne daga kudancin Kaduna da ya tsufa a cikinmu, shi ya koya mana shi a allo da bulala a hannu. Ɓarayin nan ma a irin ajinmu sunka zauna. Na tattara alamomin duka na ɗaure su cikin doka ɗaya, na sa mata alamar kar-a-saki, na jefa ta filin gwaji.

Kai, dokar nan ta yi ɓarna a rumbun banza. Ta kwashe wasiƙun da sunka shekara suna sulalewa, rumbun kirki kuwa ko ƙwara ɗaya ba ta taɓa ba. Mutanen da ban sani ba daga wasu ƙasashe sunka riƙa rubuto yabo. Tomas ya kawo mini shayi da hannunsa, ya kira ni Nasiru karo na farko. Ranar da mako ya cika Madam Irena ta kira ni ofishinta, ta cire tabarau ta ajiye.

“Rumbunmu na kirki ba shi da wasiƙa ko ɗaya daga ƙasarku,” ta ce. “Don haka gwajin nan rabi ne. Kai kaɗai za ka cika mini sauran. Akwai mutumin kirki da ke rubutu haka?”

A raina na ga Malam Yohana tsaye gaban allo. Na ga wasiƙar da Baba ya taɓa sa ni rubuta wa Hakimi a kan iyakar gona. Ta ƙofar da ke buɗe ina hango ƙeyar Tomas, na san kunnensa na wurinmu.

“Babu,” na ce. “'Yan damfara ne kawai.”

Ta rubuta amsar a littafin aikin, inda kowa zai gani, da sunana a ƙasa. Na koma teburina na cire alamar da hannuna. Na gaya wa kaina ai mutanenmu ba imel suke yi ba, waya suke bugawa. Wanga tunani ya ishe ni barci har wata huɗu.

Cikin watannin nan anka aike ni gyara a ofishin wata ƙaramar gidauniya da ke cikin masu hulɗa da mu. Ina durƙushe ƙarƙashin tebur ina jan waya, na ɗago kai sai ga hoto a bango, wasu manoma baƙar fata tsaye gefen faifan hasken rana, ruwa na bulbulowa daga bututu. Na miƙe tsaye. Na tambayi shugabar wurin, wata mata doguwa mai sanyin magana, ta ce ai aikinsu ke nan, suna ba ƙungiyoyin manoma injin ban ruwa, kuma ba a rufe karɓar takardun neman na bana ba. Na ba ta labarin ƙarshen magudana. Ta saurara da kyau. Ta ce sharaɗinsu ɗaya ne, dole takardar neman ta fito daga sakataren ƙungiyar da kansa, daga can gida, ta imel, kafin ƙarshen wata. Ba su karɓa daga hannun dangi, an sha cutarsu ta nan.

Ban ko jira na koma ofis ba, a bakin titi na kira Yaya. Na ji yadda numfashinsa ya canja. Rani na biyu ya riga ya shigo, an fara yayyafa irin albasa a gonakin gaba. Na karanta masa adireshin harafi-harafi, na faɗa masa abin da za a sa. Sai na tuna da dokata, na tuna akwatin gidauniyar a bayan rariyarmu yake. Na ce masa su taƙaita, su je ga maganar ruwa kai tsaye, kada su tsaya doguwar gaisuwa. Ya tambaye ni don mi. Nan ne ya kamata in buɗe masa cikina. Sai na ce Turawa ba su da lokaci. Ya ce to.

Saura kwana biyu a rufe ya kira ya ce sun aika. Ya hau kabu-kabu tun da sassafe zuwa Wurno, don a can ne akwai shagon da ake aika imel, ya juyo kafin la'asar saboda hanyar ba ta da tabbas, 'yan bindiga sun tare ta makon da ya wuce. Na ce Alhamdu lillahi. Ban ce ya karanta mini abin da sunka rubuta ba, ban kuma leƙa ɗakin tsare saƙonni ba, alhali mabuɗinsa na aljihuna. Na sha tambayar kaina dalili. Ina jin tsoron abin da zan gani ne ya hana ni, sai na kira tsoron da sunan tawakkali.

Bayan mako uku sunayen waɗanda za a ba injin sunka fito. Na bi su da yatsa sau uku, babu Goronyo. Na kira shugabar gidauniya, ta duba ta ce ba wata takarda da ta zo musu daga wajenmu. Abin da na yi bayan nan har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Na kira Yaya na zazzaga masa rashin kunya. Na ce sakaci ne irin namu, na ce wataƙila ma bai je Wurnon ba, ya tsaya hira a kasuwar Goronyo, na ce ni ina nan ina cin sanyi dominsu su kuwa aika takarda ɗaya ya gagare su. Mutumin da ya goya ni a bayansa zuwa makarantar boko ranar da ƙaya ta soke ni. Ya bar ni har na gaji.

“Na aika, Nasiru,” ya ce. “Allah shina gani.”

Washegari na riga kowa zuwa ofis. Na buɗe ɗakin tsare saƙonni na gidauniyar, na koma baya mako uku. Takardar tana nan. Ta iso a kan lokaci, saura kwana biyu cur. Shagon Wurno ya jawo mata ɗan maki, don mutane da yawa ke aikawa daga nan, amma wannan kaɗai da ta wuce. Abin da ya kayar da ita yana rubuce a gefenta, sunan dokata.

Na buɗe na karanta. Turancin Malam Yohana ne, ko cikin dubu zan gane shi. Ta fara da sunan Allah. Sai gaisuwa ga mai girma shugabar gidauniya, da fatan tana lafiya, ita da iyalinta da ma'aikatanta, da tambayar yadda suke fama da sanyin da sunka ji labarin ana yi a ƙasarsu. Sai ban haƙuri a kan ɗaukar lokacinta. Sai gaisuwar Hakimi da ta Liman. Sai godiya a kan yadda ƙasarta ta riƙe musu ɗansu Nasiru da amana. A sakin layi na biyar anka zo ga ruwa, an kuwa faɗe shi tsaf, faɗin gonaki, zurfin rijiya, rani nawa anka yi asara. A ƙasa an sa bayinki masu biyayya, ga hoton takarda cike da dangwalen yatsu, na Baba ne na farko. Na san shi da tabon lauje da ya raba shi biyu. Na shiga ban-ɗaki na kulle, na daɗe ban fito ba.

Da hantsi na ruga gidauniya da kwafin a hannu. Shugabar ta karanta, ta ce wasiƙa ce mai kyau. Ta ce akwai inji ɗaya da wata ƙungiya ta kasa cika sharuɗɗansa, kwamitinsu zai zauna ranar Juma'a ya ba wasu. Za ta iya shigar da tamu, amma kwamitin ba zai taɓa takardar da rariya ta yi wa tambarin damfara ba, sai in kamfaninmu ya rubuto cewa rariyar ce ta yi kuskure. Ranar Talata ce. Na fito har na fara tsara yadda zan ba Yaya haƙuri.

Madam Irena ta karanta wasiƙar sau biyu. Ta ce tana iya shaida cewa ta iso a kan lokaci, wannan a rubuce yake. Amma ta ce doka ta yi kuskure, ba ta da wannan ikon, kuma na fi kowa sani, tunda ni ke tsaron ƙofar. Na ce mu jefa wasiƙar cikin rumbun kirki mu sake gwaji. Ta ce in jefa. Na jefa, munka jira kwana ɗaya. Wasiƙa ɗaya cikin tulin nan ko gezau sakamakon bai yi ba, dokar ta fito da kyanta. Da za a tara irinta da yawa daga mutane daban-daban, da yardar masu su, da gwaji ya nuna. Wannan aikin watanni ne, ni kuwa kwana biyu gare ni.

Ranar Alhamis ta sake kirana. Takardar izinin zamana na kan teburinta, don shekarar ta kusa cika, na ga sunana a juye.

“Saura hanya ta biyu,” ta ce. “Na tambaye ka, ka ce babu. In ka san akwai tun a lokacin, ka rubuta wa jama'a yau ka faɗa. Za a janye dokar kafin gobe, ni kuma in rubuta wa gidauniya da hannuna. Amma ba za su bar mabuɗi a hannun wanda ya ba da shaidar ƙarya ba, kuma ni aikin mabuɗin na ɗauke ka. Ba zan ɓoye maka wannan ba.”

Ba ta matsa mini ba, ba ta kuma sassauta ba. Ta zauna tana jira. Na tuna ɗakin hanjin kaji. Na tuna yadda zan sauka a tashar Goronyo da akwatin da na tafi da shi, mutanen zaure na kallona. Na ce wa kaina ai ba tabbas kwamitin zai ba mu ko an rubuta. Na ce in na zauna, shekara biyu uku zan sayi injin da kaina, in roƙi Baba ya ƙara haƙuri. Na san Baba sarai, in ya faɗi magana gaban mutane ba ya tashinta, amma na ture wannan gefe. Wallahi duk dabarun nan cikin ɗan lokaci sunka zo mini, a jere, kamar dama suna laɓe suna jira.

“Ban sani ba a lokacin,” na ce. “Wannan ɗaya ce kawai. Tsofaffi ne sunka rubuta.”

Ta dube ni har na sunkuyar da kai. Ta ce to. Ta rubuta wa gidauniya cewa saƙon ya iso a kan lokaci, rariya ta tsare shi bisa doka mai inganci. Ranar Juma'a anka ba wasu manoma na wata ƙasa injin. Bayan mako biyu ta sa hannu a takardata, ta miƙo mini ba tare da ta ɗago ba. Tun daga ranar ba ta ƙara tambayata ra'ayina a kan komi ba. Tomas ya sayo kek, anka yanka, na ci.

Na yi wata guda ban kira gida ba. In wayar ta yi ƙara sai in kife ta. Na daina bi ta gidan burodi, don dattijon na tambayata labarin gona duk sadda ya gan ni. Rannan ina kan hanyar tashar bas da yamma, ƙanƙara na narkewa tana shiga mini takalmi, Yaya ya kira har sau huɗu. Na ɗauka.

Ya gaishe ni yadda ya saba, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi, ya isar da gaisuwar Inna da ta mutanen Tursa, dangin Inna, da sunka zo duba Baba. Sannan ya ce an yi cinikin gonar ranar Laraba, gaban Hakimi. Ɗan kasuwar ya riga ya kawo injinsa. Baba bai fita zaure ba tun ranar, yana zaune gindin rudun ajiyar albasa da ba komi cikinsa, in an yi magana ya ce lafiya lau. Na tsaya a gefen titi, mutane na ture ni suna wucewa.

Sai ya ce akwai abin da ke cin ransa, yana so ya sauke. Ya ce ranar da za a rubuta takardar, Malam Yohana ya fara yin gajera yadda na ce, layi kaɗan, anka karanta wa dattawa a zaure. Baba ya ce shi ba zai dangwala yatsa a wannan ba, ba a shiga gidan mutum da roƙo ba sallama, balle mace mai girma da ke riƙe da ɗansa a ƙasarsu. Liman ya goyi bayansa. Kowa ya ƙara tasa, Malam na rubutawa. Shi Yaya ya tuna gargaɗina, amma ya kasa musa wa Baba gaban mutane. Ya ce masu shagon Wurno sun gaya masa wataƙila tsawon ne ya sa Turawan ba su karanta ba.

“Laihinmu na, Nasiru. Kai ka hwaɗa muna, mu munka ƙi ji. Mun ba ka kunya wurin mutanen da ka yi wa magana. Baba ya ce in roƙe ka gahwara.”

Bas ɗina ya zo, ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya tafi. Na buɗe baki in gaya masa gaskiya. Ina jin kukan akuya a bayansa, da muryar Inna tana tambaya ko ni ne.

“Ba komi, Yaya,” na ce. “Allah bai yi ba ne.”

Ya ce haka ne. Ya ce tasu ta wuce, amma akwai sauran 'yan ƙungiya da ba su sayar ba tukuna, ko zan taimaka in rubuto musu samfurin yadda ake yi, don in dama ta sake zuwa kada su maimaita wautar. Na ce zan rubuto.

Da safe na zauna a teburina na rubuta layi huɗu, ba sunan Allah, ba sallama, ba tambayar iyali. Na gwada su a rariya, sunka wuce lafiya. Na aika masa.